Igiyar Shanyar Iya

Funtua,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga Mustafa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah Ya kai ka Ƙarfi lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na direbobin nan da suka ɗauka birki ado ne aka yi wa mota. Za ka tarar da wannan takarda a ƙasan jakarka, a ƙarƙashin wata igiya. Kada ka yar da igiyar. Saboda ita na zauna rubutu, amma sai can ƙasa zan zo kanta. Ka san halin malamin makaranta, sai ya zagaya gari kafin ya shiga darasi.

Za ka ce me ya hana in zaunar da kai mu yi magana, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka nake kiran ka "kai" ko "yaron nan", ban taɓa iya haɗa ido da kai na yi doguwar magana ba. Biro kuwa ba ya jin kunya, shi ya sa ka ga sunanka a sama ɓaro-ɓaro.

Ka san an tura ka koyarwa a kusa da Ƙarfi, kuma a gidanmu na gado za ka zauna tare da kakarka Iya. Abin da ba ka sani ba shi ne zaman da muka yi ni da ƙanwata, gwaggonka Rabi ta Kaduna, bayan karayar da Iya ta samu bara. Likita ya ce mana ƙashin ƙugun nan ya haɗu, amma in ta sake faɗuwa a kansa, da wuya ta ƙara miƙewa. Rabi ta dube ni ta ce, "Yaya, na bar ta ta koma gida don albarkacinka. Amma wallahi ko tuntuɓe na ji ta yi, ba shawara zan zo nema ba, mota zan kawo." Ka san gidan Rabi, hawa na biyu ne, taga ɗaya, ba akuya ba kaza. Da Talatu, matar da ke yi wa Iya wuni, ta kai mata labarin, sai Iya ta ce, "In fitar da ni za a yi daga gidan nan, a yi haƙuri a bari sai an zo da makara."

To, ka ji aikinka na gaskiya. Koyarwa ta safe ce zuwa azahar. Babban aikin shi ne kada tsohuwar nan ta faɗi, don ta ƙarasa kwanakinta a gidanta, a kan ƙafafunta. Ba ni da wata dabara da zan ba ka sai kurakuraina, su kuwa alhamdu lillahi ina da su da yawa.

Tushensu duka ɗaya ne. Ni ma ɗan fari ne a wurin Iya. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro "wancan" nake, da na kama aiki na koma "mutumin Funtua". In na shiga gaishe ta, sai ta juya fuska wajen bango ta amsa wa bangon. Ba ta taɓa roƙona komai ba, ba ta kuma taɓa cewa abin da na yi bai yi ba. Ni kuma, mai ɗaki cike da littattafai, na ɗauka duk wanda bai yi ƙorafi ba ya gamsu ne. Na karanta abubuwa da yawa a kan yadda ake kula da tsofaffi, har na taɓa yi wa mutane lacca a kai a wajen wani taro. Shirun uwata ne kawai ban iya karantawa ba.

Kuskuren farko na yi shi ne shekarar da aka yi mini ƙarin girma. Na ce ba zai yiwu a ce uwar mataimakin shugaban makaranta tana kwana a kan daɓe ba. Na kwaso magini, aka farfasa daɓen da ta shekara arba'in tana takawa, aka shimfiɗa tayil fari tas daga ƙuryar ɗaki har bakin rumfa, mai sheƙi, kana iya gyara hularka a cikinsa. Mutanen unguwa suka yi ta shigowa kallo, ni kuma na tsaya a gefe ina ƙanƙan da kai irin na wanda yake so a yabe shi. Iya ta aiko Talatu ta ce a ce wa mutumin Funtua an gode, Allah Ya yi albarka.

Ban tuna cewa mai alwala sau biyar a rana da jiƙaƙƙiyar ƙafa take komawa ɗaki ba. Ummanku ce ta fara faɗa mini. Ta ce, "Malam, wannan gyara ka yi ko tarko ka ɗana?" Na ce mata ba ta san ci gaba ba. Kai ne ka kawo mini gaskiyar, ba tare da ka sani ba. Ka tuna hutun da ka je can, ka dawo kana ba mu labari muna cin tuwo kana dariya? Ka ce da ka shiga Iya ta ce maka, "Angona, yau ma hannu biyu ka zo, ba ko goro?" Ka ce mata, "Tsohuwa, ai na sake ki tuni, na samu mai haƙora." Ta ce, "Ja'iri, tafi can. Ni da nake tafiya a bayan tarwaɗa kullum ban faɗi ba, sakinka ne zai kayar da ni?" Ka tambaye ta wace tarwaɗa, ta nuna maka ƙasan ɗakin. Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Da na je na duba, sai na tarar ta shimfiɗa buhunan taki a kan tayil ɗin don ta samu wurin takawa, su kuwa sun fi tayil ɗin zamewa. Na sa aka ɓamɓare shi duka, aka yi siminti mai kaushi. Maginin ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa ilimi ne ya yi mini yawa.

Saboda haka kada ka yi wa ƙasan gidan nan kwalliya. In ka ga simintin ya yi sumul saboda takawa, ka sa a ɗan sassare shi. Tabarmar da bakinta ya naɗe, ka ɗauke. Wurin da take alwala, ka riƙa kankare gansakuka da damina, kada ka jira ta yi kore. Sannan ka riƙe wannan: abin da ba za ta faɗa mini ba har abada, kai za ta faɗa maka shi cikin wasa. Kai jika ne, kana da ƙofar da ni ba ni da ita. Ka yi dariyar, amma ka bar kunne ɗaya a buɗe.

Kuskure na biyu ya fi muni, don ya kusa zama kisan kai. Wata kaka muka samu masara fiye da yadda rumbu zai ɗauka. Aka zuba a buhuna, aka jefa ƙwayar maganin ƙwari a cikin kowanne kamar yadda kowa yake yi. Sai na yi wani tunani da na ɗauka hikima ce: ɓarawo ba zai shiga ɗakin tsohuwa ba. Na sa aka jibge buhunan a ƙuryarta, dab da gadonta. Ta ga ana shiga da su, ba ta ce komai ba. Bayan kwana biyu Talatu ta bugo waya ta ce Iya na ciwon kai da amai. Na ce zazzaɓin sauro ne, a sayo magani. Talatu ta ce, "Malam, to tsakar da ke bangon ɗakin ma zazzaɓin ne ya kama su? Ga su nan na share guda huɗu matattu." Abin da ya cece ta, da sauran zafi a lokacin, a rumfa take yawan kwanciya. Da na je ina faɗa, ina cewa me ya sa ba ta yi magana ba, sai ta ce wa Talatu, ni ina tsaye, "Ki ce masa ai abincinsa ne, ina zan ce a fitar?"

Buhun da aka sa wa ƙwaya kada ya kwana a inda mutum yake kwana, ko da na mintin da za a sauke shi daga amalanke ne. Maganin feshi kuma ka bar shi a robarsa, ka kulle a ɗakin zaure. Na taɓa zuba ragowar na ciyawa a gorar lemo na ajiye a gindin randa. Idon Iya yana da yana, launi kawai take gani. Hancinta ne ya yi aikin da hankalina ya ƙi yi.

Akwai ƙanana da ba sai na ba ka labarinsu ba, don kada takardar ta zama littafi. In an yi shanyar masara a tsakar gida, ka bar mata hanya, ka kuma share bayan an kwashe. Ƙwayar masara ɗaya a kan siminti ta isa ta tafi da ƙafar tsoho. Kada ka gyara mata ɗaki. Wannan hargitsin da za ka gani, buta nan, kujera 'yar tsugune can, kwalla a bakin ƙofa, a kanta yake a jere, da ƙafa da hannu ta haddace shi. Na taɓa matsar da kujerar don in yi shara, ta zo zama ta samu iska. Allah Ya sa buhun dusa na wurin. Ƙwan fitilar rumfa in ya mutu, a ranar za ka canza, ba ranar albashi ba. In ta hura gawayi da sanyi, ka tabbata taga a buɗe take, ko da za ta zage ka. Za ta zage ka.

Yanzu igiya.

Tun ina saurayi akwai igiyar shanya a tsakar gidan nan. Ta tashi daga ginshiƙin rumfar Iya, ta ratsa tsakiyar gida, ta ƙare a jikin darbejiyar da ke bakin bayi. Igiya ce mai kauri, irin ta ɗaure shanu, kuma an ɗaure ta ƙasa-ƙasa, daidai wuyan mutum. Duk wanda ya shigo sai ya sunkuya. Sau nawa ta cire mini hula a gaban mutane. Na tsane ta kamar yadda ake tsanar maƙwabci mai rediyo.

Bara, da na dawo daga aikin Hajji, aka shirya walima a gidan. Za a kafa rumfar baƙi a tsakar gida, manyan mutane za su zo daga Bakori da Malumfashi. Na zaro wuƙa da hannuna na yanke igiyar, na jefa ta bayan rumbu. Iya na zaune a bakin ƙofarta tana tsince wake. Na ga hannunta ya tsaya. Sai ta ci gaba da tsintar. Bayan an watse na sa aka ɗaura waya siririya mai kyau a can jikin katanga, sama sosai, inda ba za ta taɓa hular kowa ba. Har na yi wa kaina kirari a zuci.

Kwana takwas bayan nan aka yi ruwa da rana. Da aka ɗauke, ta fito da butarta za ta bayi kafin la'asar. A tsakiyar gida ta faɗi. Talatu ta ce da ta fito da gudu, ta tarar da ita a ƙasa, hannunta na dama a miƙe sama. Na ɗauka salati take yi. Shekara guda ina ɗauka salati take yi.

Sauran ka sani, a gabanka aka yi. Asibiti, sannan wata uku a gidan nan namu. Ka ga yadda ta koma. In na shigo tana cin abinci sai ta rufe kwanon, in na fita ba ta buɗewa. Ta ƙi kallon talabijin, ta ƙi zama a kujerar falo, kullum tana tambayar ko an ba akuyarta dusa. Ƙashi yana haɗuwa, ita tana zubewa. Shi ya sa na roƙi Rabi a mayar da ita. Na saya mata sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, irin wadda likita ya ce. Ta ce a ce an gode. Da na je wancan watan, na tarar an rataye mata busasshiyar kuɓewa, zakara kuma ya mayar da ita wurin cara. Tun da ta koma, bango take bi, ta zagaya ta bayan madafa da rumbu kafin ta kai bayi, tafiyar da ta ninka ta da sau uku, ga duwatsun murhu a hanya. Na gani, na ce motsa jiki ne, yana da kyau.

Ranar kasuwar da ta wuce na shiga Malumfashi in saya maka bokiti da buta. Na tsaya a shagon Maman Chidi, wadda aka haifa a garin, Hausarta ta fi tawa gishiri. Muna gaisawa ta ce, "Alhaji, ina Iya? Damina biyu ke nan ba ta aiko sayen igiyarta ba."

Na ce, "Wace igiya?"

Ta ce, "Ta riƙewa mana. Da tana iya zuwa kasuwa, da kanta take zaɓa. Sai ta naɗe ta a hannu ta ja da ƙarfi, ta ce a ba ta wadda ba ta yankar tafi. Da ƙafa ta ƙi, sai ta riƙa aiko Talatu da guntun tsohuwar igiyar don kada a canza mata."

Na ce, "Ai ta shanya ce."

Maman Chidi ta ajiye bokitin, ta dube ni daga hula har takalmi. Ta ce, "Alhaji, kai fa aka ce malami ne. Zane nawa Iya take da shi da zai buƙaci igiyar ɗaure bijimi? Ta ce mini tun da gwiwa ta fara damunta, igiyar take bi zuwa bayi. Wai sanda ta tsofaffi ce, ita kuwa ba za ta riƙe sanda ɗanta yana gani ba, kada hankalinsa ya tashi."

Ban san lokacin da na zauna a kan wata jarka ba. Ta ce, "Lafiya?" Na ce mata ni na yanke ta. Ta ce, "To Allah Ya shirye ka," ta shiga ciki ta ɗauko irin wadda Iya take saye. Ita ce a jakarka.

Na tambayi Talatu a waya me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce Iya ce ta hana. Wai tunda mutumin Funtua ya yanke da hannunsa, yana da dalili, ba za a mayar ba a kunyata shi.

Za ka ce to in je in ɗaura da kaina in ba ta haƙuri. Na yi wannan tunanin kwana uku. In na ɗaura, ta san na gane. In ta san na gane, ba za ta ƙara taɓa igiyar ba har ta mutu, don kada ya zama ta tabbatar da laifina. Na san uwata a wannan ɗaya aƙalla. Saboda haka kai za ka ɗaura, kuma taka ce.

Ga yadda za ka yi. Kada ka ɗaura ranar da ka isa. Ka bari sai ka kwana biyu, ka yi wanki, ka fito da jiƙaƙƙun kaya kana mita cewa wayar can ta yi maka nisa. Ka ɗaura daga ginshiƙin rumfarta na hannun dama, za ka ga inda tsohuwar igiyar ta ci itacen, a nan daidai, kada ka ɗaga ko da ɗan yatsa. Ɗaya bakin a jikin darbejiya, shi ma akwai shaida. Ka ja ta ta yi tsam, sannan ka rataya da duk nauyinka. In ta ɗauke ka, ta ɗauke ta. Ginshiƙin ma ka girgiza shi, gara ba ta jin kunyar kowa. Kullum ka bar wani abu a kanta, ko tsohuwar singileti ce, amma can gefen darbejiya, kada kaya su tare mata hannu. Muddin akwai tsumma a kai, igiyar shanya ce, ba wanda ya tsufa a gidan.

Za ta yi maka tsiya. Za ta ce ango ya zo ya cika mata gida da tsummokara. Ka rama, ka ce amaryar da ba ta yi wa miji wanki ba ta da bakin magana. Kada ka kalle ta lokacin da za ta bayi. Ka sami abin yi, ka duba waya, kun iya wannan. In baƙo ya zo igiyar ta cire masa hula, ka ba shi haƙuri ka miƙa masa hularsa. In ni ne, kada ka ba ni haƙurin ma.

Ba na buƙatar dogon rahoto. Igiyar fara ce yanzu. In ka ga ta fara yin baƙi-baƙi da maiƙon hannu tun daga ginshiƙi har darbejiya, ka turo mini saƙo ka ce ta yi datti. Zan gane. A ranar zan kira Rabi in ce ta bar motarta a inda take.

Abu na ƙarshe. Ka koyi ƙullin nan da kyau, ka riƙe shi a ka. Shekaranjiya ina dawowa daga masallaci na ga hannuna a jikin katangar maƙwabci, ban kuma san lokacin da ya je can ba. Da saura tukuna, amma in lokacin ya zo ba zan faɗa maka ba. Ka san dalili.

Allah Ya sauke ka lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya ba ka haƙuri da ɗalibai da tsohuwa. Allah Ya riƙe ƙafafun Iya, Ya bar ta a ɗakinta har iyakar kwananta, Ya yafe wa ɗanta abin da ya yi da wuƙa da kyakkyawar niyya. Ummanku ta sa maka yaji da kuka a aljihun jaka na gefe. In ka isa ka gaishe da Talatu. Iya kuma ka ce mata ana gaishe ta, ba sai ka ce wa ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
mutumin Funtua.